Wa Yake Rubutu a Gefen Littattafaina?

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take, ruwan farko da ya sauka a busasshiyar gonar zuciyata, ke da in kin yi murmushi sai titinmu duka ya yi haske,

Ina gaishe ki gaisuwar mai ƙishi da ya hango rijiya. Za ki yi mamakin ganin wasiƙa, alhali tsakanin shagona na tsofaffin littattafai da kantin maganin da kike aiki bai fi taku ashirin ba. To, taku ashirin ɗin nan sun zame mini daji. Sau uku ina tsallaka titi da magana a bakina, sau uku ina dawowa da maganin mura da ba na buƙata. Abin da harshe ya kasa, bari alƙalami ya gwada.

Kin tuna ranar da muka fara magana? Hadari ya taso bagatatan, na baza littattafai a kan tebur a waje, iska tana buɗe su tana rufewa. Sai ga ki kin tsallako a guje da farar rigarki ta aiki, kika rungumi tari guda kika rufe su da rigar, ke kuma ruwa yana dukan bayanki. Da muka gama kwashewa kika tsaya a bakin ƙofa kina matse mayafi, kika ce, "Malam, ladana littafi ɗaya ne, amma na labari, in yi kuka in huta." Na miƙa miki wani marar bango. Wayyo ni! Ban san zuciyata na haɗa na miƙa ba. Shekara ɗaya da rabi ke nan, kuma a duk tsawon lokacin nan labari kaɗai kike karantawa. Na san ki kamar yadda na san kantocin shagona. In na kawo miki wani abu mai nauyi sai ki ture, ki ce kanki ya gaji da sunayen magunguna.

To, ya furen da ba ya yaushi, me ya faru makonni shida da suka wuce?

Ranar kika shigo ba ki ko kalli kantar labarai ba, kika ce in ba ki littafi a kan kuɗi, yadda ake juya su da yadda suke gudu daga hannun mutum. Na yi dariya, ke ba ki yi ba. Bayan kwana huɗu kika dawo da shi. Ina karkaɗe shi zan mayar da shi kan kanta, sai na ga rubutu da fensir a gefen shafuka. Ba rubutunki ba ne! Naki na san shi, ƙanana ne a jere kamar sahun tururuwa. Wannan manya ne, masu karkata, kamar ciyawar da iska ta kwantar. A wani wuri an rubuta, "Ƙarya yake yi." A wani kuma, "Wannan bai taɓa yin talauci ba." Na tambaye ki na wane ne, kika kau da kai kika ce, "Na wani ne." Na wani! Kalmomi biyu, amma sun fi duk littattafan shagon nan nauyi a ƙirjina.

Mako na gaba kika nemi na zane-zane, babban nan mai hotuna masu launi wanda ba na bari kowa ya taɓa sai ya goge hannu. Na ba ki, don me zan hana ki? Da ya dawo, yana warin man zafi. Na bi shi shafi-shafi kamar mai neman allura, har na iso hoton wata mata da ke tsaye bakin taga. A ƙarƙashinta an rubuta, "Idanun nan irin nata ne." Irin na wa? Wa ya zauna ya kalli idanunki har ya iya gane su a fuskar wata? Ni da na ɗauka ni kaɗai na san yadda suke ƙanƙancewa in za ki yi dariya! Ranar ban ci abincin rana ba. Mai sayen littafi ya tambaye ni ƙamus na miƙa masa littafin girki.

Sai na addini ya biyo baya. A nan ma fensirin bai huta ba, ya ja layi biyu a ƙarƙashin babin aure, ya ja uku a ƙarƙashin babin amana. Haba, hasken raina! Wa yake karanta babin aure da littafina, ta hannunki, ni kuma ina zaune ina kaɗa ƙuda?

Ba zan ɓoye miki haukan da na yi ba. Na zargi mai kantinku, sai na tuna shi da jan biro yake rubutu. Na zargi likitan nan mai farar mota da yake daɗewa a gaban kantarki, har na yi ƙaryar ciwon baya don ya rubuta mini magani, na zo na gwada rubutunsa da na littafin, bai yi daidai ba. Har kafintan da ke gefen shagona na yi kwana biyu ba na amsa gaisuwarsa da kyau, don kawai yana saƙale fensir a kunne, bawan Allah da ko sunansa da ƙyar yake rubutawa. Wata rana da yamma kuma, da kika tashi aiki da littafin a jaka, na rufe shago na bi bayanki. Na bi ki har wurin da ake gyaran babura, sai kika tsaya kika gyara takalmi, na ga wuyanki ya sunkuya kamar reshe mai 'ya'ya, kunya ta kama ni, na juya. Ban san inda kika nufa ba. Da na sani da na huta, ko kuma da na mutu.

Na kai wa Yayata littattafan ukun, na baje mata a kan tabarma. Ta sa tabarau ta duba, ta shinshina, ta ce, "Kai dai sakarai ne tun kana yaro. Wannan hannun tsoho ne, ba ka ga yana rawa ba?" Na ce mata ai tsoho mai kuɗi ya fi saurayi haɗari. Ta jefe ni da mafici, ta ce, "Yarinyar ba ta da uba ne?"

Kina da shi, na sani. Amma ke da bakinki kika ce mini tun da Baba ya yi jinya ba ya ganin kowa, ba ya magana da kowa, ko taga ba ya so a buɗe masa. Sau biyu ina roƙon ki bar ni in zo in gaishe shi, sau biyu kina cewa ba yanzu ba. Mutumin da ba ya son hasken taga ne zai cinye littafi huɗu a mako shida? Ko kuwa "ba yanzu ba" ɗin nan wani ake jira ya gama shiri? Zuciyata ta rabu biyu, rabi yana bin maganar Yaya, rabi yana yi mata dariya.

Jiya kika dawo da na huɗu, na kimiyya, mai bayanin taurari da jikin mutum. Kika ajiye shi a kan tebur, kika ce mini, "Ka duba shi da kyau," kika fita ba ki waiwayo ba. Na duba. A shafin ƙarshe, da wannan hannu mai karkata, ga abin da na tarar: "Mai shago, littafinka babu shafuka bakwai a tsakiya, kuma ba ka faɗa ba. Ka zo ka same ni ranar Asabar da yamma. Muna da magana a kan wadda ta kawo maka littafin nan. Za ta nuna maka wurin."

Na karanta shi ya fi sau talatin. Wani lokaci in ji muryar uba, wani lokaci in ji muryar wanda ya riga ni, yana kirana ya ce in janye. In abokin takara ne, to ya sani ba za a karɓe ki daga hannuna da fensir ba. In kuwa Baba ne, na shiga uku ta wata hanyar, don ashe makonni shida ana auna ni ban sani ba, ni kuma na aika masa littafi mai giɓi! Wallahi ban san shafukan sun ɓace ba. Tun safe na zazzage kwalaye goma sha ɗaya har na samo wani cikakke, ga shi nan na naɗe a takarda.

Ya ke wadda nake so fiye da numfashina, ki tausaya mini. Kwana uku suka rage, kuma kowace sa'a tana tafiya kamar an ɗaura mata dutse. Ba na roƙon ki rantse, ba na roƙon dogon bayani. Kalma ɗaya ta ishe ni, ki rubuta a bayan takardar magani ki aiko: wane ne? In kuma an hana ki faɗa, to na haƙura, zan zo a makance. Zan sa rigata mai kyau, in riƙo littafin, in bi ki duk inda kika nufa. Abu ɗaya kawai nake nema: in mun isa ƙofar, kada ki wuce ki bar ni a baya. Ki tsaya a gefena mu shiga tare, don duk wanda ke ciki ya ga amsar kafin ya yi tambaya.

Naki jiya, naki yau, naki ranar Asabar ko me aka ce mini a ɗakin nan, kuma naki har ranar da ƙasa za ta rufe idona,

Mai shagon tsofaffin littattafai.