Tabon da Ke Haɓar Auta

Litinin, 3 ga Maris

Ranar Asabar, 8 ga Fabrairu, da hantsi, 'yata Auta ta rasu a asibitin koyarwa, bayan zazzaɓin da ya taɓa mata ƙwaƙwalwa. Shekarunta ashirin da huɗu. Ina riƙe da hannunta na hagu, mahaifiyarta na riƙe da na dama. Na rubuta wannan sau ɗaya, ba kuma zan sake rubuta shi ba.

Yarinya ce mai gudun kyamara, saboda haka hotonta mai motsi guda ɗaya muke da shi: jawabin da ta yi a madadin ajinsu ranar da suka kammala karatun zanen gine-gine. Jami'a ta ɗauka, ta buga a irin faifan nan mai ingancin hoto. Na'urar da ke karanta shi ta fara shaƙewa, bayan faifan kuma akwai karce. Na ɗauke shi daga falo, na hana kowa kunnawa har sai na mayar da shi fayil ɗin bidiyo.

Alhamis, 6 ga Maris

Gwajin farko ya ɓaci. Zauren taron duhu ne, fitila ɗaya ce a kan mumbari. Manhajar da nake aikin da ita ta matse fayil ɗin don ya yi sauƙi, sai duhun ya koma ƙananan murabba'ai, kuncinta ya narke cikin labule. Na goge.

Na zare igiyar lasifika na jefa a aljihun tebur. Aikin hoto nake yi, sauti zai raba mini hankali.

Lahadi, 9 ga Maris

Yayana ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin karatu yana kallona, can ya ce, “Farfesa, lissafin ne har yanzu? Ka fito ka zauna da mutane. Haƙuri ake yi.”

Na ce masa haƙurin nake yi, a zaune.

Ban yi jayayya da hukuncin Ubangiji ba, ba kuma zan yi ba. Amma ba Ubangiji ne ya ɓata kuncin 'yata ranar Alhamis ba, manhaja ce, ita kuwa ba ni da dalilin yi mata biyayya.

Juma'a, 14 ga Maris

Na gano inda matsalar take. Hoton asali yana da wani yashi-yashi, kamar na tsohon fim, musamman a wurare masu duhu. Manhajar tana ɗaukar sa datti, tana share shi, tare da duk wani ƙaramin abu da ya yi kama da shi. Na kashe matatar da ke wannan sharar. Na ƙara yawan bayanan da ake ba kowace daƙiƙa, na sa ta bi faifan sau biyu: na farko ta nazarce shi, na biyu ta rubuta. Ana cewa hakan yana cinye wuni guda. Ya cinye.

Asabar, 15 ga Maris

Mahaifiyarta ta kawo shayi, ta tambaya yaushe zan sa mata bidiyon a waya. Na ce bai kammala ba.

Asabar, 22 ga Maris

Yayanta, babban ɗana, ya turo nasa bidiyon. Ashe tun ranar taron yana da wani ɗan guntu da ya kwafa, ya sa shi a sabuwar manhajar nan da ke ƙirƙiro abin da kyamara ba ta gani ba. Ya kira ni da murna: “Baba, ka ga yadda ta fito tas? Kamar ka taɓa ta!”

Na gani. Fata sumul, idanu masu ƙyalli, wata kyakkyawar mace da ban taɓa haifa ba. Babu tabon.

Tana shekara bakwai ta samu tabon nan a haɓa. Ina riƙe mata sirdin keke tana ihu, “Sake ni, Baba, sake ni!” Na sake, ta yi tafiya mai nisa kafin bango ya tare ta. Da ta girma, ƙawayenta suka kawo mata man shafawa mai ɓatar da tabo, ta ce su kai wa bangon, shi ya fi jin ciwo.

Na ce wa yayanta ya goge. Ya ce, “To Baba.” Na san na yi masa tsauri. Ban janye ba.

Laraba, 26 ga Maris

Gwaji ya sake ɓaci. Tabon yana fitowa idan ta tsaya cak, yana ɓacewa da zarar ta juya kai. Ita kuwa ba ta taɓa iya tsayawa cak ba.

Talata, 1 ga Afrilu

Mahaifiyarta ta shigo ba sallama, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta dubi allon, inda na tsayar da hoton na faɗaɗa haɓar har ta cika shi.

Ta ce, “Malam, kai ka san haɓarta, ni na san haɓarta. Wa kake gyara wa?”

Na fara yi mata bayanin matsewa da duhu. Ta ɗaga hannu.

“Ni ba ɗalibarka ba ce. Ka kulle mini yarinya a ɗakin nan kana auna ta. Ko dishi-dishi ne ka ba ni, in ji ta yi magana.”

Ta duba bayan kwamfutar, ta ga gurbin igiyar lasifika wayam. Ta juya ta fita. Da ta yi maganar igiyar, da na samu abin mayarwa.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Babban fayil ɗin ya fito. Yashin yana nan, duhun duhu ne na gaskiya, tabon kuma yana bin ta duk inda ta juya. Na adana shi wuri uku. Ban sassauta ko ɗaya daga sharuɗɗana ba.

Na kuma yi wani ƙarami, mai sauƙi, na sa wa mahaifiyarta a waya. Ba shi da kyau. Ta karɓa da hannu biyu, ta shiga ɗaki, ta ja ƙofa don kada in ji. Na kira yayanta na ce ya zo ya karɓi nasa kwafin, ya ci abinci a nan.

Da rana na kunna babban don dubawar ƙarshe. Ban tsayar da shi ko sau ɗaya ba, ban san dalili ba. Kusa da ƙarshe ta ɗago kai tana neman wani a cikin zauren, ta yi dariya, leɓɓanta suka haɗu sau biyu. Na san kalmar: Baba.

Na fito da igiyar lasifika daga aljihun tebur, tana nan a gabana. Hoton ya kammala. Sautin ne ban saurara ba tukuna.