Dogo da Ɗan Mai Ɗinki

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon gwiwar? Allah Ya ƙara sauƙi.

Yaya, abin da bakina ya kasa faɗa miki a waya shi zan rubuta. Ramar da kika gani a jikin ɗanki Dogo ba ta zazzaɓi ba ce, kamar yadda na ce miki. Hiroyin ce, hodar nan da suke narkarwa a cokali su yi wa kansu allura. Na daɗe ina yi wa ƙannensa faɗa kan cokulana da ke ɓacewa, ashe suna ƙarƙashin katifarsa, gindinsu baƙi ƙirin.

A shagon kafintan da yake aiki ya samo ta. Mai fenti ne ya fara, ya koya wa mai yankan katako, shi kuma ya ba Dogo, wai tana kashe gajiya. Da a nan ta tsaya, da na rungumi jarrabawata. Amma Dogo ya ja ɗan maƙwabciyata mai ɗinki, abokin tasowarsa, kuma shi kaɗai Allah Ya ba ta. Yanzu in zan fita, sai na leƙa na ga ba ta bakin ƙofa.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki, Maman Dogo

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, saƙonki ya iso, na gode.

Yaron mai ɗinki ya rasu. A bayan shagon aka tsince shi, tsakanin kujerun da ba a gama ba. Tare suke da Dogo, da ya ga ba ya motsi sai ya gudo gida ya kulle kansa. Duk layinmu an sani. Ban iya shiga gaisuwa ba, Yaya. Ina jin kukan mata ta katanga, na rufe taga.

Da mutane suka watse, sai ga mai ɗinkin ta shigo gidanmu da ƙafarta. Na durƙusa, na kasa ɗaga kai. Ta ce, "Maman Dogo, nawa ya tafi. Tashi mu kai naki asibiti."

Ita ta tare mana mota, ita ta yi wa likita bayani. Ko sau ɗaya ba ta dubi Dogo ba. An kwantar da shi, yana ta amai da rawar jiki, yana kiran sunan abokinsa.

A hanyar dawowa na fara yi mata godiya, ta tsayar da ni. Ta ce kar na ɗauka ta yafe masa, ba ta kai nan ba tukuna. Ba ta dai son ta sake ganin an fito da gawar yaro a layin nan.

In da hali ki zo, Yaya. Gobe zan shiga gidanta gaisuwa, ban san da wace fuska ba.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum, Maman Dogo