Ranar da Na Kai Ƙarar Malam

Unguwar Tudu, Gwarzo
8 ga Oktoba, 2001

Zuwa ga Yaya Uwaliya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara, da sanyin Jos ɗin nan da kike cika mana baki da shi. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. An gama da gero, dawa kuma ta yi kai daidai gwargwado, ko da yake bana taki sai dai mu gan shi a gonar masu hali.

A wasiƙarki kin tambayi yadda Malam yake. Na daɗe ina ce miki da sauƙi. Yau dai zan faɗa miki gaskiya, don abin ya fi ƙarfin cikina.

Wata bakwai ke nan tun da a-kori-kurar Dabo direba ta banke ɗanmu Magaji a kan kekensa, a hanyar kasuwar Gwarzo. Birki ne ya shanye, kowa ya shaida ba ganganci ba ne. Kina nan ranar sadakar uku da Malam ya miƙe gaban liman ya ce ya yafe wa Dabo duniya da lahira, mutane suna ta sa masa albarka. To Yaya, bakinsa ne ya yafe, zuciyarsa ba ta bi shi ba.

Ranar Talata ya shigo da hantsi, bindiga a kafaɗa. Ya ce ya fita ne korar birai daga gona, sai kawai ya tsinci kansa a bayan tsamiyar bakin rafi, inda Dabo yake wanke mota. Har ya ɗaga ya auna shi. Abin da ya tsayar da hannunsa, Dabo ya tsuguna ya fara alwala. Kuma wai wannan ne karo na biyu.

Na san za ki ce a ɓoye bindigar. Mun gwada. Shi da kansa ya kai wa ƙaninsa Abdulnasir ajiya, bayan kwana biyu ya koma ya ce a ba shi, aka ba shi. Ya kai wa mai unguwa, nan ma haka. Wa zai dubi idon sarkin baka, shugaban maharban garin nan, ya ce ba zai ba shi bindigarsa ba? Karya ta kuma ba zai yiwu ba, ta kakansa ce, tare da sarautar aka danƙa masa ita amana.

Tsoro nake ji. Idan ya harbi Dabo ya kashe marar laifi, kuma kin san yanzu shari'a ake yi, rai a bakin rai. Na binne ɗa, ba na son in rasa ubansa. Ki sa mu a addu'a, amma kada ki faɗa wa Inna a Garo, hawan jininta ya isa.

Ki gaida Alhaji da kyau.

Taki,
Marka

Unguwar Tudu, Gwarzo
24 ga Oktoba, 2001

Yaya Uwaliya,

Sallama da gaisuwa irin ta zumunci. Yaya gida, yaya ƙafar taki? Maganin da kika aiko ya iso, Allah ya saka da alheri. Amma shawararki ta a yi masa rubutu ta makara, Malam ya sha rubutu har ya ƙoshi.

Zauna ki ji abin da mutumin nan ya yi. Ya saka babbar rigarsa, ya tafi kotun shari'a a Gwarzo, ya ce ya zo ne alƙali ya karɓe masa bindiga, ya hana shi ita ko da zai dawo yana birgima a ƙasa. A cewarsa duk ƙasar nan alƙali ne kaɗai ba zai ji nauyinsa ba. Magatakarda ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce tun da yake aiki bai taɓa ganin wanda ya kawo ƙarar kansa ba. Alƙali dai bai yi dariya ba. Ya ce kawar da cuta aikinsa ne, amma sai an sami mai ƙara, wanda zai tsaya gaban jama'a ya ce mutumin nan haɗari ne.

Abdulnasir ya ce gara a yanke masa harshe. Mai unguwa ya ce tare aka yi musu kaciya, ba zai iya ba. Maza ke nan, Yaya! A wajen cin tuwo kowa jarumi ne.

Sai ga Malam a ƙofar ɗakina, ya tsuguna. Shekara ashirin da bakwai ban taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa ba sai a kan sallaya. Ya roƙe ni, don girman Allah, in zama mai ƙarar. Ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci, na faɗa masa maganganu. Na ce wato ni ce marar kunyar gidan, ni za a riƙa nunawa a bakin rijiya? Da na gaji na yi shiru, ya ce idan na ƙi ba zai ga laifina ba, sai dai in sani ranar kasuwa tana zuwa, ranar da Dabo yake fitowa da mota, kuma shi bai yarda da kansa ba.

Zance ya riga ya fita. Yayarsa Fatsuma ta zo har tsakar gida ta wanke ni tas, wai ina so in tsige wa ƙaninta rawani, in zubar da mutuncin gidan Mudi. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo mata fura, na bar ta ta gama.

Zan je. Ke da kullum kike cewa ko cinikin kuɓewa ban iya ba saboda kunya, ki ji da kyau: ranar Litinin ƙanwarki za ta tsaya gaban alƙali.

Ki shafa mini kan yara.

Taki,
Marka

Unguwar Tudu, Gwarzo
1 ga Nuwamba, 2001

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku baki ɗaya. Yau ba zan ja gaisuwa ba, labari ne fal bakina.

Kotu ta cika maƙil, har da masu leƙe ta taga. Ashe mutane ba su da aikin yi haka? Magatakarda ya tambaye ni sunan wanda nake ƙara, na ce Malam. Ya ce malamai sun yi yawa a Gwarzo, suna yake so. Yaya, tun da aka kawo ni gidan nan sunan bai taɓa fita daga bakina ba. Na ja mayafi na ce, Hammadu Mudi. Sannan alƙali ya tambayi sunan mamacin. Ɗan farina, wanda kunya ta sa na yi ta ce masa Magaji har ya koma ga Mahaliccinsa. Na ce Mahbub. Sunan ya yi mini daɗi a baki, har na yi da-na-sanin rashin kiransa da shi ko sau ɗaya yana ji.

Alƙali ya tambaya ko Malam ya taɓa duka na. Na ce ko tsawa sai ta kama dole. Ya ce to me ya sa na ce haɗari ne? Na ce saboda shi ya faɗa mini, kuma bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Daga nan Malam ya miƙe ya zayyana komai, tsamiya da rafi da alwala, bai rage ko ɗaya ba. Dabo yana zaune, don an aika masa sammaci, kuma sai a ranar ya ji. Na ga hularsa ta faɗi daga hannunsa, bai ɗauka ba.

Hukunci shi ne bindiga za ta zauna a ma'ajiyar kotu shekara guda, ba za ta fito ba sai dattawa biyu sun shaida hankalinsa ya kwanta. Aka kuma ja kunnen maharba, kada wanda ya ara masa tasa.

Masinja ya matso zai karɓa, sai Malam ya ce ya dakata, a ɗure take. Bindigar toka kuwa idan an ɗura mata albarushi da dalma sai an harba ake sauke ta. Ya ce wannan ɗurin don Dabo ya yi shi, kuma tsohuwa ce, idan ba hannun da ya saba da ita ba tana iya yi wa mutum illa. Alƙali ya yi ta shafa gemu, don kowa ya ga abin da ake ciki: a sake miƙa wa mutumin da aka gama cewa haɗari ne kunamar bindiga, ga wanda ya yi niyyar harbi a kusa.

Dabo ne ya tashi. Ya dubi alƙali ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a bar shi ya harba. Ni zan tsaya kusa da shi."

Alƙali ya amince, aka fita bayan kotu inda akwai wani suri. Dabo ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi. Ni ban rufe ido ba, ni na kawo ƙara, dole in gani. Malam ya ɗaga, ya yi bismilla, ya sake ta a cikin surin. Hayaƙi ya turnuƙe. Da ya washe sai ga Malam ya miƙa wa masinja bindiga da hannu biyu, ya juya ya kama Dabo, suka fashe da kuka su biyun kamar yara. Ba wanda ya yi dariya, har magatakardan nan.

Fatsuma ta daina amsa gaisuwata, a bakin rijiya kuma da na iso sai hira ta mutu. Su yi ta yi. Na ga maharban da suka kashe kura ana yi musu kirari, amma ban taɓa ganin wanda ya kai kansa aka ɗaure masa hannu don kada ya cuci wani ba, sai mijina. Ina alfahari da shi, kuma ba zan yi miki kara ba, ina alfahari da kaina.

Yanzu kina iya faɗa wa Inna. Ki ce mata jikanta ya tafi, ba mu da yadda za mu yi, amma ubansa yana nan. Ga shi can a zaure yana gyara lauje, gobe za mu fara yankan dawa.

Ki gaida Alhaji da yara, Allah ya bar zumunci.

Taki har kullum,
Marka matar Hammadu