Toron da Na Hana a Yanka

Zuwa ga angona Sani,

Gaisuwa mai yawa daga Agadas. Ina gajiya, yaya haƙar zinariya? Yaya jikinka da abokan zamanka? Mu nan lafiya lau, sai kewarka, ko da yake ka gudu ka bar amaryarka.

Ka tuna agwagin da na kawo daga Timia? Tun lokacin nake ware masu faɗin ƙirji da saurin girma su hayayyafa, ƙananan kuwa su shiga tukunya. Bana na sami toron da ban taɓa ganin irinsa ba. Na sa masa sunanka, don shi ma ci ne aikinsa.

Ran Juma'a baƙi suka sauka daga motar sahara, kat-kat, sai ga kawunka Ilya ya damƙe shi, wuƙa a hannu, wai babban baƙo sai babban toro. Na ce, "Ilya, in ka yanka wannan, wa zai haifa mini manya? Wancan mai ƙafar tsinke?" Na ƙwace shi na rungume kamar jariri. Ƙanana biyu baƙin suka ci, har da santi.

Yanzu da la'asar nakan zauna ina kallonsa cikin baho. Sai in ga bahon ya zama tafkin Timia, jikokinsa farare sun cika shi ƙarƙashin itatuwan lemu, kai kuma kana tahowa daga nesa.

Ka sa mu a addu'a, ka gaishe da mutanen ɗakinku. Ka dawo da wuri, amma kada ka sa rai da takwaranka. Ɗansa za ka ci.

Kakarka,
Tabawa