Wane Irin Aikin Gida Kuma?

Daga unguwar Nima, zuwa ga ɗana mai sunan Baba.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya a ƙasar Turawa, kai da malamanka da abokan karatunka.

Mu nan gida da sauƙi. Ƙanwarka Ladi lafiya lau, ita ke taya ni sayar da koko yanzu. Goggonka ta unguwar Mamobi ƙafar ta sake kumbura, amma tana takawa. Ni ba abin da ke damuna sai ciwon bayan nan. Babanka ne dai. Ciwon idon ya ƙaru.

Takardarka ta iso. Ni na karanta ta da kaina, ban kai wa kowa ba, tunda karatun manya da na shiga da furfurata ya fara amfani. Na bi ta da yatsa har ƙarshe, na dawo farko, amma akwai wurin da na kasa wucewa. Ka ce an ƙara muku shekara guda. Ka ce ko mutum ya ci jarrabawar ƙarshe, ba za a sake shi ya duba marar lafiya shi kaɗai ba sai ya yi aikin gida.

Wane gida? Gidan wa?

Na ɗauka idona ne, na ce ko baƙin ne na juya. Na kai wa malamarmu kalmar kawai a bakin allo, ban ce daga gare ka take ba. Ta ce aikin gida shi ne aikin gida, shara da wanki da girki. Maƙwabciyarmu Maame Akosuwa kuma ta ce wataƙila a gidan babban likita ake zama ana koyon aiki, kamar yaron makaniki. Ban san wadda zan bi ba.

Ka san babanka ya yi wa Bature aikin gida kafin ya kama ɗinki. Guga da goge takalmi da riƙe faranti a tsaye. Ranar da ya raka ka makarantar boko, mutanen zango suna ta surutu, abin da ya ce da ni a bakin ƙofa shi ne, “Wannan ba zai goge takalmin kowa ba.” To yanzu in ce masa me? Da na zo wurin a karatun takardar da nake masa, tsallakewa na yi. Na ce kana gaishe shi.

In ba ka ci jarrabawar ba ne kake jin nauyin faɗa, ka faɗa mini. Ni na goya ka. In kuma kowa da kowa aka ƙara wa, har 'ya'yan Turawan, to me ya rage da ba ku koya ba a duk shekarun nan? Jikin mutum ƙaruwa ya yi? Ba musu nake ba, so nake in gane.

Ga abin da ya sa na matsa. Yanar ta rufe idon dama gaba ɗaya, na hagu ma hazo-hazo yake gani. Ni nake zura masa zare a allura, ya ɗinka da lalube, in ya fita masallaci in warware in gyara. Jiya ya kira Ladi da sunana. Na roƙe shi mu hau mota mu je asibiti, ya ƙi. Maganarsa ɗaya ce tun bara: ba mai taɓa masa ido sai ɗansa, saura kaɗan ya dawo. Bai san kaɗan ɗin ya ƙaru ba.

Kawunka Ɗanjuma kuwa ya samo wani mai cire yanar ido da tsinke, wai daga arewa zai zo kafin azumi. Ya ce a zaune ake yi a tsakar gida, mutum ya tashi yana gani. Na san wata tsohuwa a Mamobi da aka yi wa. Ta gani na ɗan lokaci, yanzu jikanta ke jan ta da sanda. Babanka ya ƙi shi ma, amma in ya ji an ƙara shekara, ina tsoron ya gaji ya yarda. In kuma na ci gaba da ɓoyewa, zai zauna yana jiran ka har na hagun ya tafi.

Ni maganata ba ta shiga. Taka ce za ta shiga. Ka rubuto masa, shi kansa, ka gaya masa gaskiyar shekarar nan, ka gaya masa ko idon zai iya jira ko ba zai iya ba. In asibiti ne, ka ce kai ka aike shi. Ka kuma fayyace mini aikin gidan nan da Hausar da zan iya maimaitawa a gabansa ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Ka sa amsar ta iso tun kafin a ga watan azumi, don Allah. Ka yi baƙaƙen manya-manya. Da na hagun zai so ya ga hannunka da kansa.

Allah ya tsare ka, ya ba ka sa'ar malamanka, ya dawo mana da kai babanka yana gani.

Ni ce,
Innarka.