Da Saura, Likita

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma a ji ni tukuna kafin a yanke mini hukunci.

Ni ma'aikaci ne a ɗakin tiyata na wani asibiti a Birnin Gwari. Karatuna bai yi nisa ba, aikina gyara fitila, kawo kaya da duba agogo. Likita ɗaya ne ke yin tiyata a wurinmu, dattijo ne, wuya da baya sun daɗe suna damunsa saboda yawan sunkuyo. Bara ya kawo wani tsari: duk rabin awa, in aikin ya ba da dama, zan ce "Likita, lokaci," sai ya ɗago, ya juya wuya, ya yi miƙa ta minti biyu bai taɓa komai ba, ya ci gaba. Agogon yana bayansa, sauran kuma idonsu na kan marar lafiya.

Ni kuwa iyalina suna Randagi, kuma in la'asar ta wuce ba mai babur ɗin da zai shiga wannan hanya. Sai na fara yin shiru don a gama da wuri. Awa ɗaya, awa biyu. Wani lokaci ya ce, "Malam, yau agogonka barci yake yi ne?" In ce, "Da saura, Likita." Ya ce, "To, kai ne liman," ya sake sunkuyawa. Minti nawa ma na rage? Wata bakwai ina haka.

Makon jiya yatsunsa biyu suka daina ji, bai sake shiga tiyata ba. Ya kira ni, ya riƙe hannuna ya ce, "Ka yi ƙoƙari. Mun bi tsarin bai yi ba, jikin ne ya ƙare." Na ce, "Allah ya ba da lafiya." Shi ke nan abin da na ce. Ina cin abinci, ina salla, ba na jin komai.

Yanzu in haihuwa ta gardama sai Kaduna, ta cikin dajin nan. Matata na da cikin wata takwas, kuma ɗanmu na fari shi ya ciro shi.

Ban sani ba ko da miƙar ta hana. Amma takardar ajiye aikinsa na kan tebur, Litinin zai kai ta. In na gaya masa ba a taɓa bin tsarin ba, ƙila ya nemi magani ya sake gwadawa. Ƙila kuma ya tafi, bai sake kallon fuskata ba.

Jama'a, me zan yi?