Hotunan da Zuhura ta Aika

Yamai, ranar Litinin

Yaya Hamani,

Bayan gaisuwa da tambayar iyali. Na ba direba takarda a hannu, don na daina yarda da duk wata waya da ta bi ta shagonka.

An kori ƙanwarmu Zuhura daga koperatib, ƙungiyar manoman shinkafa ta Tanda. Shugaba ya gano ita ce ta aika wa ɗan jarida hotunan lalataccen takin da ake sauya wa buhu. Na ce mata ta bi ta Tor, manhajar ɓoye sawu a intanet, kai kuwa ka karɓi wayarta ka cusa mata wata, VPN ɗin kyauta. VPN direba ɗaya ne, ya san inda ya ɗauki kaya, ya san inda ya sauke. Tor motoci uku ne, babu wadda ta san hanyar gaba ɗaya. Ka san mai VPN ɗin nan? Ka taɓa ganin fuskarsa? Kai ka jefa ta.

A gaida Inna Barira.
Yunus

Gaya, ranar Alhamis

Malam Yunus na Yamai,

Muna amsa gaisuwa, ko da yake guntuwa ce. Shekara goma sha ɗaya ina gyaran waya a bakin tasha, yau kai za ka koya mini aiki? Tor ɗinka mun gwada shi a gabana. A nan reso, sabis ɗin waya, yana tsalle tsakanin namu da na Benin, hoto ɗaya sai da ruwan shayi ya tafasa ya huce bai tafi ba. Ni na fitar da yarinyar nan. Da VPN hotuna tara suka wuce tas. Ɗaruruwan mutane na saka wa, babu wanda ya dawo da kuka. Kana zaune cikin sanyin ofis kana zagin masu aiki. Ka bincika wajen ɗan jaridarku.

Ka huta lafiya.
Hamani

Yamai, ranar Lahadi

Hamani,

Gaisuwa. Na je na sami ɗan jaridar. Ya nuna mini saƙon, babu suna, babu lamba, shi kansa bai san mace ce ba. Saura kai da kamfanin da ba ka san garinsu ba. Mijin Zuhura ya ce ko kasuwa ba ta iya shiga, mutanen shugaba suna nuna ta da baki. Wallahi raina ya ɓaci da kai, kuma ba zan taka shagonka ba ko da Salla.

Yunus

Tanda, ranar Laraba

Yayyena biyu,

Ina gaishe ku da ladabi. Takarda iri ɗaya na rubuta muku, don ku daina wahalar da direbobi.

Jiya matar shugaba ta zo har gida ta faɗa mini. Babu wanda ya leƙa VPN, ba su ma san mene ne ba. Ranar da labari ya fito a rediyo, Yaya Hamani yana fadarsu ta masu shayi, ana musun wace manhaja ta fi. Ya bugi ƙirji ya ce tasa ce ta kai hotunan, shi da hannunsa ya saka wa ƙanwarsa ta Tanda. Abdoulaye direban shugaba ne yake zuba shayin.

Yaya Yunus, ka ce kada in yarda da direba ɗaya da ya san hanyar gaba ɗaya, na ɗauka kamfani kawai kake nufi, ashe har ɗan'uwa.

Yaya Hamani, wayar tana wajen Inna. Ka je ka cire abinka.

Ƙanwarku,
Zuhura